Yadda ake aikin safe a gidan gona a Alaska cikin watan Yuni

Abu na farko, cire rana daga lissafinka. A yankin Fairbanks, can tsakiyar jihar Alaska ta Amurka, ranar 21 ga Yuni rana tana fitowa ne wajen ƙarfe 3 na dare, kuma ba za ta faɗi ba sai an wuce sha biyu da rabi na wani daren, kusan awa 22 kenan tana sama, ɗan tsakanin da ya rage ma ba duhu ake yi ba, za ka iya karanta takarda a tsakar gida ba tocila. Tun daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli haka ake tafiya. To mutumin da ya saba gari ya waye ya tashi, rana ta faɗi ya kora dabbobi turke, in ya zo nan ya ce zai bi rana, shi zai rikice dabbobin ma su rikice. Agogo ake bi. Ka saita ƙararrawar waya ƙarfe 5 ko biyar da rabi, ka rataya baƙin labule mai kauri a taga don barci ya samu, kuma ka riƙe wannan lokacin kullum kullum ko da ka buɗe ido ƙarfe 4 ka ga haske ya cika ɗaki.

Na san musulmi zai ce to Asuba fa? Malamai sun daɗe da magana a kan irin waɗannan garuruwa da alfijir ba ya rabuwa da shafaƙi, wasu suka ce a ƙaddara da gari mafi kusa da yake samun dare na sosai, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi ka tsaya a kan guda, sannan ka ɗora aikin safenka a bayan sallar.

Irin gidan da nake magana a kai iyali ne a cikin daji, miji da mata da yara, gidan gungumen itace ko na katako, 'yan eka kaɗan da aka share, awaki huɗu ko biyar, kaji kamar ashirin, lambu, ɗakin leda na tumatir, kare, wani gidan har da amyar zuma. Da yawansu ba famfo, wasu ko wutar layi babu sai sola da janareta. Asalin irin wannan zama wata dokar Amurka ce ta 1862 da ta ba mutum eka 160 in ya zauna a kai shekara biyar ya gina ya noma, an rufe ta a sauran ƙasar a 1976 amma Alaska aka bar mata har 1986. Yanzu saye ake yi ko gado. Kuma abin da ya sa safiyar Yuni ba ta wasa ba ce, tsakanin sanyin ƙarshe da ke ƙona shuka da wanda zai dawo a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba kwana 100 ne da 'yan kai, a kwari ma ba ya kaiwa. Dankalin da za a ci a Janairu lokacin da ma'auni zai sauka 40 ƙasa da sifili, da itacen da za a hura, da ciyawar awaki, duk a cikin wannan ɗan taƙin za a haɗa su. Safiyar da ka yi sake da ita a Yuni, a hunturu za ta tambaye ka.

Kafin ka taɓa ƙofa ka leƙa ma'aunin zafi, ka samu irin wanda yake riƙe mafi ƙarancin abin da aka yi cikin dare. A farkon Yuni safiya takan zo da digiri 5 zuwa 10, amma in sama ta kwana garau ba gajimare ba iska, gidan da ke kwari zai iya ganin sifili. In ka ga 2 ko ƙasa da haka to lambu ne zai fara ganinka, ka je ka duba ko mayafin da aka rufa wa dashe jiya yana nan, kuma kar ka yaye shi sai iska ta ɗan yi ɗumi.

Kaya kuma ka sa su bi da bi yadda za ka riƙa cirewa, singileti, riga mai dogon hannu, suwaita a sama, dogon wando mai kauri, takalmin roba mai tsawo saboda raɓa. Nan da ƙarfe 9 suwaitar za ta dame ka. Sai sauro. Sauron can ba ya kawo maleriya, wannan kam a gode Allah, amma yawansa a Yuni ba a magana, musamman da safe in ba iska, yana shiga ido yana shiga hanci, ba za ka iya tatsa da hannu biyu kana kora ba. Ka shafa magani a wuya da bayan hannu, ka sa hula mai raga wadda ke saukowa har kafaɗa. Maciji babu, kunama babu, don haka sa hannu cikin tarin itace ko ƙarƙashin katako ba wani abin tsoro.

Yanzu ka buɗe ƙofa ka tsaya a bakinta. Kar ka fita tukuna, kar kuma ka saki kare. Ka ba wa idonka minti ɗaya cikakke ya zagaya bakin daji, bayan rumbun ciyawa, gefen lambu, ka saurara. Abin da kake nema dabbar nan ce da suke kira mus, dangin barewa ce amma ta fi doki tsayi, kuma ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ne take haihuwa, sau da yawa a kusa da gidajen mutane. Uwa mai jego ba ta da haƙuri ko kaɗan. Mutanen da mus ke ji wa rauni a Alaska kowace shekara sun fi waɗanda beyar, wani ƙaton naman daji mai gashi da manyan farata, ke ji wa yawa, kuma sau da yawa kare ne yake jawowa, ya je ya yi mata haushi, ta biyo shi, shi kuma ya rugo wajenka. In ka ga ta kwantar da kunnuwa baya, gashin doronta ya miƙe, tana lasar baki, ka koma ciki, awaki za su iya jiran rabin awa. In ta riga ta taso maka ka gudu ka sa bishiya ko mota tsakaninku. Beyar kuwa akasin haka ne, ba a gudu, ka tsaya ka yi magana da murya a natse ka riƙa ja da baya a hankali. Gwangwanin feshin barkono na beyar ya zama a ƙugunka yake, wanda aka bari a kan taga a cikin ɗaki ba shi da amfani.

In ka ga lafiya lau sai ka fita, kuma duk saurin da kake ka fara bi ta ɗakin leda ka buɗe ƙofa da tagogin sama. Aikin minti ɗaya ne amma ni a ganina shi ne wanda bai kamata a jinkirta ba, don ranar da ta fito tun ƙarfe 3 ta riga ta fara dafa cikinsa, kai kana jin sanyi a waje ciki yana neman 30. Tumatir in zafi ya wuce kamar 32 furensa zubewa yake ba ya ɗaurawa. In safiyar mai sanyi ce sosai ka buɗe kaɗan, ka dawo ka ƙarasa bayan tatsa.

Daga nan ka bi shingen lantarki da ya zagaye akurki da garke da amya. Ka sa abin gwaji a waya, kar ya gaza bolt 5,000, ƙasa da haka beyar da gashinsa mai kauri ba abin da zai ji. In ka ga ya sauka to kusan kullum ciyawa ce ta taɓa wayar ƙasa, kuma da wannan hasken ciyawa tana tsawo ne kana kallo, wadda ka yanke shekaranjiya yau ta kamo. Ko kuma ƙasa ta bushe a gindin ƙarfen da aka kafa, ka zuba masa bokitin ruwa. Kana tafe kana duba sawu da kashi a ƙasa, su za su gaya maka wa ya zo da dare.

Sai tatsa, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne ake ɓata abu da yawa. Akuya mai nono awa 12 take so tsakanin tatsa da tatsa, in ƙarfe 6 ne na safe to ƙarfe 6 na yamma, ba ruwanta da ina rana take. In kana wasa da lokacin nonon zai ragu, hantsa ta cika ta yi tauri ta jawo ciwo. Wani abin da zai ba ka sha'awa, cikin awakin da ƙananan gidaje a Amurka suka fi so akwai gajerar nan da suke kira ta Najeriya, asalinta daga gajerun awakin Afirka ta Yamma ne, nononta bai cika wuce lita ɗaya da ɗan wani abu a rana ba amma maiƙonsa ya fi na manyan awaki, ga ta ba ta cin ciyawa da yawa, abin da ke da muhimmanci a inda ciyawa take da tsada.

Ka wanke hannu. Ka ɗauko bokitin ƙarfe mai murfi, ba na roba ba don roba tana riƙe wari, da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, kowace akuya da nata tsumman. Ka hau da ita kan ɗan dandamalin katako, ka maƙale wuyanta, ka zuba mata dusarta a gaba, tana ci kana aiki. Ka goge hantsa ka tsane ta sosai, ruwan da ya rage a jiki cikin bokiti zai ɗiga. Tsartuwa biyu ukun farko na kowane kan nono ka yi su a wani ɗan kofi daban ka duba da ido, in ka ga gudaji ko zare-zare ko jini, ko ka ji gefe ɗaya na hantsar ya fi zafi, wannan akuyar ka bar ta ƙarshe, nononta kar ya shiga na sauran, kuma a nemi likitan dabbobi. In lafiya, ka damƙe saman kan nonon da babban yatsa da manuni, sauran yatsun su matso ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Matsawa ake, ba a ja. In ya fara yankewa ka ɗan bubbuga hantsar a hankali ka sake, za ka ga saura ya sauko. Ka gama ka tsoma kowane kai a ruwan aidin, kuma ka zuba mata sabuwar ciyawa nan take don ta tsaya a tsaye tana ci, kar ta je ta kwanta a ƙazanta ƙofar nonon tana buɗe.

Nonon kuma kar ka ajiye shi a bakin garke ka ce bari in duba kaji. Ka kai shi ciki yanzu yanzu, a tace a matata, a zuba a kwalba, a tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara ta sauka zuwa digiri 4 da wuri. Ƙarnin da mutane ke cewa nonon akuya yana da shi, yawancinsa daga jinkirin sanyayawa ne da kuma barin bunsuru kusa. In akwai ƙananan yara ko mai ciki a gidan a dafa shi, digiri 63 na rabin awa, sannan a sanyaya. A gida mai tsari wani ne yake karɓar bokitin a bakin ƙofa, uwar gida ko babbar yarinya, mai tatsa ya juya.

Ka koma garke ka zubar da ruwan jiya ka ɗauraye komi ka cika sabo, akuya ta gwammace ta zauna da ƙishi da ta sha ruwan da kashi ya faɗa. Ka kwashe jiƙaƙƙen shimfiɗi da manjagara a baro, ka kai jujin taki. Ka duba gishirin lasa, kuma ya zama na awaki ne, na tumaki ba shi da jan ƙarfen da akuya ke buƙata, ga ƙasar can tana da ƙarancin sinadarin seleniyam wanda rashinsa ke sa 'yan awaki su kasa tsayuwa. Busasshiyar ciyawar bara a Yuni saura kaɗan, sabuwa kuma sai ƙarshen wata ko Yuli za a yanka, shi ya sa ake sassaro musu rassan wata bishiya da suke kira wilo, suna sonsa sosai. Amma kar ka saki akuyar da ta yi wata bakwai tana cin busasshe a kan ɗanyar ciyawa da ciki wayam, kumburi za ta yi, ta fara cin busasshe tukuna sannan a sake ta, yau kaɗan gobe a ƙara. Kuma ka san ciyawar da ke kisa. Akwai wata a bakin fadama da suke kira hemlok na ruwa, mai fararen furanni a baje, saiwarta guba ce mai kisa ga dabba da mutum. Ganyen rubab ma guba ne duk da karansa ake miya mai tsami da shi a zuba a kan biredi. In ba ka gane su ba ka sa mai gidan ya nuna maka da hannu.

Kaji. Ka buɗe akurki ka tsaya ka ƙirga su suna fitowa, wadda ta maƙale a lungu ta saki fiffike ita ce za ka ɗauka ka duba. Maƙiyansu a can yanyawa ce da kyanwar daji da shaho da mujiya, hankaka kuma ƙwai yake sata, amma wadda ta fi ɓarna wata 'yar siririyar dabba ce mai dogon jiki da ke shiga ta ramin da bai wuce inci ɗaya ba, ta kashe kaji da yawa a dare guda. Don haka kana zuba tsaki idonka yana bin gindin bango da ragar waya, duk ɗan ramin da ka gani ka toshe shi yau. Ka sauya ruwa. Ka kwashe ƙwai, wannan lokacin suna zuba ƙwai sosai saboda haske, kar ka wanke shi in ba datti ya yi ba don akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tsare shi, in dole ne ka wanke da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi ka sa a firij. Za ka sake zagayowa wajen hantsi don yawancinsu ba su gama ba tukuna.

In akwai 'yan tsaki a ƙarƙashin fitila, satin farko digiri 35 suke so, kowane sati a rage kamar 3. Amma su da kansu za su gaya maka, in sun cure a gindin fitila suna tsiwa sanyi suke ji, in sun watse can jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in suna yawo ko'ina suna tsattsaga to daidai ne. Wani abu da ya shafi safe amma da yamma ake gyara shi, kajin can a Yuni ba sa shiga da kansu tunda duhu ba ya zuwa, ƙofar nan mai rufe kanta da haske ma ba ta aiki, sai an kora su da hannu an kulle a kan lokaci. In ka zo da safe ka tarar da ƙofa a buɗe ka san an yi ganganci jiya.

Abincin kaji da dusar awaki da na kare duk a durom na ƙarfe mai murfi, a cikin ɗaki mai sakata. Abin da ya zube a ƙasa ka share. Beyar hanci gare shi, wanda ya taɓa samun hatsi a gida zai dawo, ƙarshenta a harbe shi, kuma dokar jihar ta hana barin abinci ko shara yadda za ta jawo shi.

Ruwa kuma ya danganta da gidan. A wurare da yawa kewayen Fairbanks ƙasa daskararriya ce a can ƙasa shekara da shekaru ba ta narkewa, haƙa rijiya da binne bututu wahala ne da tsada, shi ya sa za ka ga mutum da mota mai kyau amma ruwa a jarka yake ɗebowa, wasu daga wuraren sayarwa a gari, wasu daga maɓuɓɓugar Fox da ke arewa da garin. Jarkar galan 5 kusan lita 19 ce. Da safe ka duba nawa suka rage, ka duba tankin ruwan sama, ka leƙa batirin sola ka ga ya cika. Yuni kam sola ba ta da matsala, don haka duk aikin da ke cin wuta kamar wanki da famfon ban ruwa da rana ake yinsa. Mutane suna jin Alaska sai su ɗauka ruwa ko'ina, alhali ruwan da ke sauka a Fairbanks a shekara, har da ƙanƙara in an narkar, kusan milimita 300 ne, bai kai rabin na Kano ba, kuma a cikin lokacin noma Mayu da farkon Yuni ne suka fi bushewa. Ban ruwa dole ne.

To ka shiga lambu ka rufe ƙofa a bayanka, shingensa ƙafa 8 ake yi saboda mus, tana shiga sau ɗaya kabejin shekara ya tafi. Babbar matsalar noma a can sanyin ƙasa ne, shi ya sa ake ɗaga komi sama da katako ko a yi kunya mai tudu don rana ta ratsa. Ruwan rijiya yana fitowa da sanyin da bai fi digiri 3 ko 4 ba, in ka kwara wa tumatir ko kokwamba shi kai tsaye sai su tsaya cak kwana da kwanaki. A cika baƙaƙen duro tun jiya su sha rana, da wannan za ka yi ban ruwa, ka gama ka sake cika su. Kafin ka zuba ka tura yatsa a ƙasa har gaɓa biyu, in da danshi ka wuce. A gindi ake zubawa ba a kan ganye ba. A ɗakin leda ka ɗan girgiza kowane tumatir mai fure tunda ba iskar da za ta yi masa barbara, ka tsinke 'yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye, ka ɗaure wanda ya yi tsawo a igiya.

Kabeji da dangoginsa da radish da albasa akwai wani ɗan ƙuda da ke yi musu ƙwai a gindi a daidai wannan lokacin, tsutsar ta shiga saiwa, sai ka ga shuka ta langwaɓe da rana alhali ƙasa da danshi. Maganinsa farin mayafi mai shara-shara da ake rufawa tun ranar dashe, a binne bakinsa da ƙasa. Kullum da safe ka zagaya ka ga ko iska ta ɗaga wani gefe. Alayyafon turawa kuma da zarar ya kai ka tsinka, tsawon ranar yana sa shi ya yi kai da wuri ya yi ɗaci. Dankali in ya kai kamar taƙi ɗaya ka tara masa ƙasa a gindi. Cirar ciyawa minti ashirin kullum ta fi a bari sai Asabar, akwai wata mai laushi mai yaɗo da ke rufe karas tun bai fito sosai ba, tana cirewa da sauƙi amma in ka yar da ita a kan danshi sai ta sake kamawa, ka tara a bokiti ka kai wa kaji, suna rububinta. Wannan aikin yara ne, tare da ƙwai da ruwan kaji, yaro ɗan shekara shida zai iya in an nuna masa karas sau biyu. Ka sani wannan hasken da ke gajiyar da kai shi ne dukiyar lambun, a bikin baje kolin jihar da ake yi a garin Palmer an auna kabeji guda mai nauyin kilo 62 da ɗoriya a 2012.

Kafin zafi ya taso ka ba itace rabin awa ko awa guda. Mutum zai ce ina ruwan Yuni da itace, to wanda ba a faskara ba yanzu ba zai bushe ba kafin sanyi. Mai farin ɓawon nan da suke kira birci ya fi kowanne zafin wuta a yankin, amma ɓawonsa ba ya barin ruwa ya fita, in ka bar shi gungume ruɓewa zai yi ta ciki, dole a faskara. Ka jera a kan katako kar ya taɓa ƙasa, ka bar tazara tsakanin layi da layi iska ta ratsa, ka rufe sama kawai da kwano ka bar gefe a buɗe. Ana so danshinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa, akwai ɗan na'urar da ake soka wa a sabon fashi ta nuna. Ɗanyen itace hayaƙi yake, ya tara baƙin maiƙo a bututun murhu, wannan maiƙon ne ke kamawa da wuta ya cinye gida a tsakiyar hunturu. Awon itace a can tuli ne mai ƙafa 4 a faɗi, 4 a tsayi, 8 a tsawo, kuma gidan da itace kaɗai ke ɗumama shi tuli da yawa yake ci. Yara su yi jeri, gatari na manya ne, kuma wanda bai yi barci sosai ba kar ya taɓa injin yanka ranar.

Tarin itacen kar ya jingina da bangon gida, saboda Yuni lokacin gobarar daji ne, tsawa ce ke tayar da yawancin manyan, a 2004 sama da eka miliyan 6 suka ƙone a jihar. Kana aiki ka riƙa ɗaga kai kana duba ko akwai hayaƙi, ka shaƙi iska. Ƙona rassa ko shara daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Agusta sai da takardar izini, kuma ko da takardar sai ka bincika a ranar ko an dakatar.

Wajen ƙarfe 9 ka wanke bokitin tatsa da matata, ruwan sanyi da farko don kar nonon ya kama jiki, sannan ruwan zafi da sabulu, ka kife su su bushe. Ka sake leƙa ɗakin leda ka ƙarasa buɗe tagogi, ka kwashe ƙwai na biyu, ka cire takalmi a bakin ƙofa a zauna a karya. Kana shan shayi ka jawo littafin gida ka rubuta mafi ƙarancin sanyin daren jiya, nonon kowace akuya, ƙwai nawa, bolt nawa shinge ya nuna, sawun da ka gani da inda ka gan shi. Akuyar da nononta ya ragu kwana biyu a jere a littafin za ka fara ganinta kafin ta nuna a jiki, lissafin sanyin kuma da shi za a tsayar da ranar fitar da dashe baɗi, don na filin jirgin Fairbanks da ake faɗa a rediyo ba lallai ya zo ɗaya da na kwarinku ba.